Jirgin da Tsorona Ya Zaɓa

A wajenmu hannun hagu ba shi da aiki a gaban mutane. Da dama ake ci, da dama ake gaisawa, da dama ake miƙa abu a karɓa. Yaro ya miƙo maka kofi da hagu sai ka ce ya koma ya sake. Saboda haka mutum zai iya rasa hannun hagunsa a tsakiyar unguwarmu ta Madain Fahd a Jidda, ya je ɗaurin aure, ya je ta'aziyya, ya zauna cikin maza a ci shinkafa da rago a faranti guda, babu wanda zai ankara. Haka mijina ya yi, kuma ni kaɗai na sani.

Jalta ce ta same shi, wato jini ya toshe masa a kai, abin da mutanen gida ke kira shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita. Bakin da ya karkace ya miƙe, ƙafa ta dawo, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka. Hannun ma a ido lafiya lau yake, yana ɗagawa yana saukewa. Sai dai yatsun sun koyi wata ɗabi'a: suna cikin riƙe abu sai su saki ba sallama. Na fara gani ne ranar da farantin dabino ya suɓuce masa a falo, ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne aka ara masa. Ya ɗago, na yi sauri na mai da idona kan talabijin. Daga ranar nake kwance murfin robar ruwa kafin in ajiye masa. Na kai jallabiyoyinsa wajen tela aka cire maɓallan hannu, na ce yayi ne. Bai tambaye ni ba, ban yi masa bayani ba. 'Ya'yanmu ma ba su sani ba.

Alhaji haifaffen wani lungu ne a bayan Balad, tsohon garin Jidda. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya ƙetaro teku ta tashar Sawakin a jirgin katako. Shi kuma ya tashi a aikin ƙofofi da tagogi na alminiyam a unguwar masana'antu, tun yana ɗaukar kaya har ya buɗe nasa wurin, Allah ya sa masa albarka. Ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Ciwonsa ɗaya ne, bahar, wato teku. Yana da wani aboki Balarabe, Bahadrame, mai jirgin shira'i, irin wanda ake ɗaga masa ƙyalle iska ta tura, kuma shekara da shekaru duk ƙarshen mako suna tare a ruwa, ya dawo mini baƙi wuluk yana warin gishiri. Ni kuwa a Jidda aka haife ni, amma iyakata da bahar tabarma a Kornish, bakin gaɓa, da fulas ɗin shayi. Kakata takan ce ta shige shi sau ɗaya saboda Ɗakin Allah, ya isa. Na gaji wannan ra'ayi kaf.

Bayan rashin lafiyar ya miƙa wa babban ɗanmu wurin aiki. Abokin nasa kuma ya sayar da jirginsa ya koma wajen 'ya'yansa. Na ce a raina ta faru ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Wata safiya muna karin kumallo da ful da tamis, wake da burodinmu na nan, ya ce zai sayi nasa.

“Ba babba ba,” in ji shi. “Na fita da safe a dawo kafin magariba. In an so a kwana ɗaya kusa da duwatsun murjani. Amma mai kyau nake so, Hajiya, mai gudu. Wanda mutum ɗaya zai iya da shi.”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Mutum ɗaya. Na ga shi a tsakiyar ruwa, babu kowa, igiya a hannun nan, yatsun sun buɗe. Ban san komai game da jirgi ba a lokacin, amma na san bahar ba ya cin abinci da dama kawai.

Na bi ta bayan gida kamar yadda muka saba. Na ce zafi, ya ce a ruwa akwai iska. Na ce likita, ya ce likitan ne ma ya ce ya riƙa motsa jiki. Na ce shekaru, ya ce Bahadramen ya girme shi. Magana ɗaya ce za ta tsayar da shi, ita ce kuma ba zan iya faɗa ba. Mutumin da ya gina kansa da hannu biyu, ka dube shi ka ce ɗaya ya tafi? Shi da kansa bai faɗa wa kansa ba. Na kai kuka wajen yayata, ban gaya mata dalili ba, sai ta yi mini dariya.

“Ke dai kin cika tsoro tun kina yarinya,” ta ce. “Ki bar bawan Allah ya sha iska. Gara bahar da ya zauna miki a gida yana leƙa tukunya.”

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sha gahawarta na tafi.

Da na ga babu makawa, sai na ce zan raka shi dubawa. Ya ajiye wayar da yake ta kallon hotunan jirage a ciki ya dube ni ta saman tabarau.

“Ke? Ke da ko wanka a baho ba kya cika ruwa?”

“Ni ɗin. Ko firji za a saya ai ana zuwa da matar gida.”

“Yalla,” ya ce, yana murmushi. Ya ɗauka sha'awa ce ta kama ni.

Muka tafi Abhur, can arewacin gari, wata marsa inda masu hali ke ɗaure jiragensu. Dillalin wani Bashame ne mai tumbi da fara'a, yana kiran Alhaji “ya Hajj”, ni kuma “madam”. Ya zaga da mu a kan wata gada ta katako da ke lilo a ƙarƙashin ƙafa, ni ina tafe ina salati a ciki. Jirage da yawa ya nuna, amma biyu ne suka rage a magana.

Na farko shuɗi ne mai duhu, dogo, siriri, sandan tsakiyarsa baƙi ya yi sama har sai ka dafe mayafi kafin ka ga ƙarshensa. Bayansa a buɗe yake, babu shinge, daga inda mai tuƙi ke tsayawa sai ruwa. Ciki kuwa babu komai sai benci biyu da jakunkunan shira'i. Dillali ya ce an rage masa nauyi ne da gangan, ko ƙofar banɗaki ba a sa ba. Igiyoyi ta ko'ina, ja da kore da fari, kowace da ƙarfenta da ake naɗa ta, wani abu kamar ƙaramin turmi da suke kira winshi. Alhaji ya shafa gefen jirgin da hannun dama, a hankali. Na san wannan shafar.

Na biyu fari ne, ya ɗan fi faɗi. Shi ma ba na wasa ba ne, dillali ya ce gida ɗaya ne ya ƙera su, kuma ba ya jin kunya a gaban iska. Yana da rumfa, da ɗan ɗaki mai katifa, da murhu, da banɗaki mai ƙofa. Bayansa a rufe. Ni kuma na shiga tambayoyin matan gida, don su kaɗai aka yarda in yi: ina za a shimfiɗa sallaya, ina za a ajiye kular abinci, ina mutum zai fake wa rana. Bakina na kan kula, idona na kan igiyoyi. Na lura duk sun taru wuri ɗaya kusa da sitiyari. Na ga wani maɓalli a ƙasa, na tambaya. Dillali ya taka shi da ƙafa, winshi ya juya da kansa. Ya nuna mini shira'in gaba, ya ce in jirgi ya juya shi ma da kansa yake komawa ɗaya gefen, ba sai an saki wata igiya an ja wata ba. Zuciyata ta fara sanyi. Sai mutumin nan, Allah ya shirye shi, ya juya wajen Alhaji da fara'arsa.

“Wannan, ya Hajj, ko da hannu ɗaya sai ka tuƙa shi.”

Da ma ƙasa ta tsage in shige. Bai san abin da ya faɗa ba, ciniki yake yi. Fuskar Alhaji ta rufe kamar shago a lokacin salla. Ya cusa hannun hagu a aljihu, ya sauka daga farin jirgin ba tare da ya ƙara kallonsa ba.

“Wannan falo ne aka sa wa shira'i,” ya ce. “Na tsofaffi ne. Shuɗin za mu gwada.”

Aka sa ranar gwaji, Asabar bayan la'asar, lokacin da iskar arewa ke tasowa. Kwanakin da ke tsakani ban san yadda na yi su ba. Na ƙona shinkafa, na zuba gishiri sau biyu a miya. In ya ɗauki abu da hagu sai in bi shi da ido har sai ya ajiye. Na yi ta shirya maganar a baki, in ya shigo sai in ce masa ko a kawo shayi.

Ranar ya sa farin wando da riga irin ta 'yan ruwa, da hular hana sallah da ban taɓa ganinsa da ita ba. Ni abayata na sa, aka ɗora mini rigar ceto ruwan lemo a kai, na zama abin kallo. Muka nuna takardu a wajen masu tsaron teku, injin ya fitar da mu daga mashigar Abhur. Da muka fita fili dillali ya kashe inji, suka ɗaga shira'i.

Babu wanda ya gaya mini cewa jirgi kwanciya yake yi. Iska ta cika ƙyallen, sai kawai duniya ta karkace. Gefe ɗaya ya yi sama, ɗayan ya nutse har ruwa na lasar bakinsa, fari fat yana gudu. Na ƙanƙame wani ƙarfe, na karanta duk abin da na sani. Dillali ya ce kada in damu, akwai dalma mai nauyi a ƙarƙashi, ba ya kifewa. Na ce masa to, amma ban saki ƙarfen ba.

Sai na dubi Alhaji. Yana tsaye a sitiyari, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, iska na kaɗa rigarsa, yana dariya shi kaɗai. Tun kafin ciwon rabon da in ga wannan fuskar. Wallahi sai da na ji kunyar kaina. Na ce ke, wace ce ke da za ki raba mutum da wannan? Wataƙila hannun ya warke ban sani ba. Wataƙila ni ce na mai da ƙaramin abu babba. Sitiyarin da dama yake riƙe da shi, hagun yana ɗore kawai a kai, kuma jirgin yana bin sa kamar ya san shi.

Muna cikin haka dillali ya ce, “Kawo in riƙe, ya Hajj. Je ka taɓa igiya ka ji yadda yake a hannu.”

Alhaji ya ɗan yi jim, kaɗan ne, ni kaɗai na gani. Sannan ya taho ya durƙusa a gefen da ya nutse, dab da inda nake, wajen winshin da ke riƙe da shira'in gaba. Iska ta ƙaru. Dillali ya ce a sassauta kaɗan. Alhaji ya zare igiyar daga maƙalinta da dama. A daidai nan wata igiyar ruwa ta daki jirgin, ya ƙara kwanciya, dole Alhaji ya kai dama ya kama ƙarfe don kada ya zame. Igiyar ta koma hagu.

Ina kallon yatsun. Sun riƙe, sun riƙe, har na fara cewa alhamdu lillahi. Sai suka buɗe.

Igiyar ta fizge ta cikin tafinsa da wani ƙara. Shira'in ya ɓalle yana bugawa kamar ana kakkaɓe babban bargo a saman kanmu. Jirgin ya miƙe zumbur ya yi tangal-tangal, Alhaji ya tafi da baya, wajen nan da babu shinge. Ban san lokacin da na saki ƙarfena ba. Na cafke damtsensa na hagu da hannu biyu, na zauna da dukkan nauyina, kuma Allah ya hore mini nauyi. Muka zube tare a ƙasan jirgin.

Dillali ya juya jirgin ya fuskanci iska, ya kamo igiyar, komai ya lafa. Idonsa yana gaba lokacin da abin ya faru, bai ga farkonsa ba. Abin da ya gani shi ne ni riƙe da hannun mijina.

“Me ya faru, ya Hajj?”

Alhaji ya buɗe baki. Na riga shi.

“Ni ce,” na ce. “Tsoro na ji na fizgo hannunsa. Ku yi haƙuri.”

Dillali ya yi dariya har da dafa tumbi, ya ce ba komai, duk mata haka suke ranar farko, amma madam, mai riƙe da igiya ba a taɓa shi. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Alhaji ya dube ni, na dube shi. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya sa hannun a aljihu.

A hanyar dawowa ne na gane abin da na yi. Na rufa masa asiri, na kuma share masa hanya. Dillali yana ta zuba, yana cewa wani karon a fito ba da madam ba a ga gudun gaske, Alhaji yana gyaɗa kai, har ya ce jirgi ne na gaske, babu ƙarya. Shaida ɗaya ce da ni a duniya, na haɗiye ta da bakina. In ya ga dama ya yarda da ƙaryata, gobe ya sa hannu a takarda, jibi ya fita shi kaɗai. Wa zai cafke shi? Hawaye suka taru mini, na bar su a kan iska.

Sai na ga ɗigo a ƙasan jirgin, ja, kusa da ƙafarsa. Na ɗaga ido. Aljihun farin wandon ya jiƙe, jan yana faɗaɗa a hankali. Igiyar ta yanke masa tafi, shi kuwa yana tsaye yana hira game da sandan tsakiya, bai san yana zubar da jini ba. Hannun ko zafi ba ya kai masa labari. Na matsa na goge ɗigon da bakin abayata, baƙi ba ya tona asiri. Da muka sauka na bi ta hagunsa na manne masa, jakata a tsakani, har dillali yana tsokana wai madam har yanzu ba ta yarda ta iso tudu ba.

Aka kira magariba. Alhaji ya nufi wajen alwala na ɗan masallacin marsa. Nan ne kaɗai aka wajabta wa mutum ya fito da hannayensa biyu ya wanke su yana kallo. Na shiga ɓangaren mata na yi salla, ban san me na karanta ba. Na fito na zauna a benci. Mutane suka watse, bai fito ba. Dillali ya zo ya tsaya yana kaɗa makullai. Ni dai ƙofar masallaci nake kallo.

Da ya fito ya saki rigarsa ta rufe aljihun, hannun yana ciki, na hango bakin hankici. Bai dube ni ba. Ya tsaya a bakin gadar katako yana kallon shuɗin jirgin, ya daɗe, har dillali ya yi gyaran murya.

“To, ya Hajj, mu ce mabruk, ciniki ya faɗa?”

“Hajiya ba za ta iya da wannan ba,” in ji Alhaji. Muryarsa ta dushe. “Ka ga abin da ta yi mana yau. Farin za mu ɗauka.”

Dillali ya ce hasara, amma mace ita ce gida. Ni kuma na ce da Hausa, don shi kaɗai ya ji, “Tunda saboda ni aka saya, ba ya fita ba ni a ciki.”

“Halas, shi ke nan,” in ji Alhaji.

Muka shiga mota, muka yi tafiya har muka wuce filin jirgin sama. Can ya ce, idonsa a kan titi, “Igiyar nan tana da kaifi.” Na ce tana da shi. A gida na wanke ciwon na ɗaure, ya kau da kai yana kallon bango. Iyakar abin da muka taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Labari kuwa ya zaga dangi. Yayata ta ba da shi a gidan biki, da ƙari, wai na kusa jefa mijina a bahar saboda tsoro. Ɗanmu ya ce, “Umma, kin hana Baba jirgin da yake so.” Na ce na hana, a kai ni ƙara. Har yau in an taru sai wani ya tayar, a yi dariya, ni ma in yi.

Yanzu duk Asabar muna ruwa. Ban iya iyo ba, ban daina tsoro ba. Na ɗinka abaya mai ƙaramin hannu don kada ta maƙale a winshi. Na san wace igiya ce ta wane shira'i, tafin hannuna ya yi kanta har mai yi mini lalle tana tambaya ko na koma daka. Wurin zamana hagunsa ne, kuma duk abin da ya taso ta wannan gefen nakan riga shi kaiwa, shi kuma yakan yi kamar yana duba iska.

Wani ya sayi shuɗin. Wani lokaci yakan wuce mu a bakin mashiga, a kwance, ruwa na tsagewa a gabansa. Alhaji yakan bi shi da kallo har ya ƙule, sannan ya ce, “Da ba don tsoronki ba, Hajiya.”

Sai in ce, “Ka yi haƙuri, Alhaji,” in ƙara naɗe igiyar a hannuna.